Mashin mai caji: na araha ko mai tsada?

Malam Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ni malamin makaranta ne, kullum daga Rijiyar Zaki nake tasowa in tafi Hotoro in dawo. In aka haɗa da kai yara Islamiyya da cefane, ina cin kilomita arba'in a yini. Roba-robata ta tsufa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ni da mai gidan mai muke raba albashina. Ranar Asabar na shiga kasuwa na taya mashin mai caji. A shago ɗaya aka nuna mini guda biyu. Na farko dubu ɗari tara da hamsin, batirin darma shida ne a jere a ƙarƙashinsa. Na biyu miliyan biyu da dubu ɗari uku, batirin litiyam guda ɗaya da ake zarewa. A ido ba su da maraba, na arahar ma ya fi ƙyalli, har da wurin sa kiɗa. Adashi na ɗauka, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In mai tsadan zan saya sai na sayar da roba-robar na kuma ci bashi. Don Allah wanda ya hau ya ba ni labari, ban da wanda ya ji a majalisa.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Malam ai ka riga ka cire ni, ni keken Fonis ɗin babana nake hawa, cajinsa kunu da ƙosai.

Alhaji Sabo na Kwari: Malam Nura ka sayi na arahar ka huta. Ni shi na saya wa yaron shagona yana kai saƙo tsakanin Kwari da Singa da Sabon Gari, yau wata goma sha ɗaya, ban da faci ba mu yi masa komai ba. Me zai sa mutum ya ci bashi a kan abin hawa? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a cinsa don ƙyale-ƙyale.

Maman Walida: Alhaji, wata goma sha ɗaya ai bai kai lokacinsa ba. Namu sai da ya shekara da wata biyu sannan ya nuna halinsa. Abban Walida ya saye shi yana ta murna ya rabu da layin mai. Da farko yana zuwa Sharaɗa daga Kurna ya dawo da sauran caji. A hankali sai ya zama dole ya tafi da caja wurin aiki. Da zafin watan Afrilu ya shigo, rannan sai ga shi ya turo shi da ƙafa tun daga Ƙofar Ruwa, riga sharkaf. Da aka buɗe, biyu daga cikin batiran sun kumbura kamar burodi. Muka ce a canja biyun, bakanike ya ce ba a haka, sai dai duka. Kuɗin da muka tara na ɗinkin sallar yara ne ya tafi.

Alhaji Sabo na Kwari: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma ko mota ai ana canja mata batir.

Oga Ɗanlami Bakanike: Alhaji ranka ya daɗe, batirin mota tayar da inji kawai yake yi ya koma barci. Na mashin mai caji shi ne tankin, shi ne man. Kuma gaskiya bakaniken Hajiya ya faɗa. Batiran nan a jere aka haɗa su, kowanne volt 12, shida su ba ka 72. In ka sa sabo biyu cikin tsofaffi huɗu, tsofaffin za su ja sababbin ƙasa, wata uku ka dawo wurina. Na ga wannan ya fi a ƙirga.

Ni dai abin da ya fi zuwa garejina daga na araha: batir ya kumbura, caja ta ƙone, kwantirola mai raba wa moto wuta ta sha ruwa, gindin kujera ya tsage, shok ya mutu. Daga masu tsada kuma ba su cika zuwa ba, amma in suka zo sukan kwana biyu. Akwai wanda ya yi wata huɗu a wurina yana shan ƙura, wani ɗan allo ne ya lalace a cikinsa, babu shi a duk kasuwar Kano, wanda ya shigo da mashin ɗin kuma ya koma sayar da sola.

Malam Nura: To Oga ka ƙara rikita ni. Wannan yana yawan lalacewa, wancan in ya lalace babu gyara.

Oga Ɗanlami Bakanike: Haka abin yake Malam. Ni ba na sayar da ko ɗaya, don haka ba ni da wanda zan kare.

Injiniya Bashir: Bari in shigo da lissafi, a yi haƙuri zan yi tsawo.

Malam Nura ka koma ka duba jikin batirin, za ka ga an rubuta wani abu kamar 72V 20Ah. Ka ninka su: 72 sau 20 ya ba ka 1,440. Wato kusan yunit ɗaya da rabi na wutar mita ke nan batirin yake ɗauka. Caja tana ɓarnatar da wani abu ta hanyar zafi, don haka mu ce yunit biyu kake sha daga bango. A layin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Yulin 2024 an mayar da yunit naira 209.5. Caji ɗaya ya tashi kusan naira 420. Wannan shi ne lissafin da mai shago zai yi maka, ya ce dubi lita ɗaya ta mai nawa take. Ba ƙarya ya yi ba, rabin zancen ya faɗa.

Ragowar rabin shi ne batir yana ƙarewa kamar yadda mai yake ƙarewa, sai dai shi a hankali yake yi, ba ka ganin allurarsa tana sauka. Batirin darma in ana zuƙe shi sosai kullum, caji 300 zuwa 500 yake yi ya gaji, a ƙasa mai sanyi ma ke nan. A ce saitin batir naira 250,000 ne, a ce ya yi caji 350, kowane caji kilomita 45. Jimla kilomita 15,750. Raba kuɗin, kowace kilomita ta ci maka naira 16 ta batir, ga naira 9 ta wuta, 25 ke nan. Yanzu ɗauki roba-robarka: a ce lita naira 950 tana kai ka kilomita 40, kusan naira 24 a kilomita. Ka ga abin da nake nufi? Ribar da ta rage maka ita ce ta baƙin mai da fulogi da wankin kafireta da rashin bin layi.

Litiyam kuwa, musamman irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, yana haura caji 2,000 in ƙwayoyinsa na kirki ne. Mu rage masa saboda zafinmu mu ce 1,500. A ce kuɗinsa 750,000, kowane caji kilomita 55. Kilomita 82,500 ke nan, naira 9 ta batir, kusan 8 ta wuta, 17. Farashin da na sa misali ne, kowa ya sa wanda aka faɗa masa a kasuwa ya sake bugawa.

Ɗan Auta: Injiniya wallahi tun daga "72 sau 20" na fita daga ajin.

Alhaji Sabo na Kwari: Injiniya lissafinka na takarda ne, bari in yi maka na kasuwa. Tsakanin mashinan nan biyu akwai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin. Ba ni wannan kuɗin in sa a atamfa da shadda, kafin batirin darmar ya mutu na juya su sau nawa? Ribar kaɗai ta sayi sabon saiti har da canji. Kai ka kwantar da kuɗi a cikin akwatin batir kana jiran su biya ka nan da shekara biyar. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, wa yake lissafin shekara biyar?

Injiniya Bashir: Alhaji wannan hauhawar ai ni take goyon baya. Batirin da za ka sake saya baɗi da dala aka shigo da shi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin watan Maris na 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayi batir mai daɗewa kafin wannan tashin ai ya ci riba yana kwance. Sannan Malam Nura malamin makaranta ne, ba shi da rumfa a Kwari da zai juya kuɗin.

Alhaji Sabo na Kwari: Ba shi ma da kuɗin gaba ɗaya, bashi zai ci. Ka manta da wannan a lissafinka.

Malam Nura: Alhaji ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Malama Hadiza: Ni tambaya ce da ni ga Injiniya. Ƙanina ɗalibi ne, daga Kabuga zuwa sabuwar BUK kawai yake zuwa, da ƙyar ya yi kilomita goma sha biyu a yini. In ya sayi mai litiyam, yaushe zai cinye kilomita dubu tamanin ɗin nan? Na buga a waya, ya fi shekara goma sha takwas. Batirin zai jira shi?

Injiniya Bashir: Ba zai jira shi ba Malama, kin kama ni. Litiyam yana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, zafi kuma yana gaggauta masa. Irin ƙaninki na araha ya ishe shi, domin kullum kaɗan zai taɓa daga batirin, shi kuwa na darma abin da yake so ke nan: kada a zuƙe shi ya wuce rabi, kuma da an dawo a mayar masa da abin da aka ɗiba. Abin da yake kashe shi shi ne a shanye shi tas, a bar shi ya kwana biyu babu caji. Matsalar Malam Nura ita ce kilomita arba'in, kullum sai ya kai batirin gargara.

Habibu Guangzhou: Salam. Ina ta karantawa daga nan, dare ya yi mana amma bari in sa baki, don sana'ata ce lodin kaya zuwa gida.

Na farko, kada kowa ya raina batirin darma. A nan Chaina mashinan nan sun haura miliyan 300, kuma mafi yawansu da darma suke tafiya. Manyan masu yin batirin, Tianneng da Chilwee, duk a gari ɗaya suke, Changxing a lardin Zhejiang. Amma a nan in batirinka ya gaji, a bakin layinku za ka miƙa tsohon, ka cika kuɗi kaɗan, a sa maka sabo kafin ka gama shan shayi. Kuma yawancin mutane tafiyarsu gajera ce, titi sumul, dokar da ta fara aiki a 2019 ma ta ce wanda ake lissafawa a matsayin keke kada ya wuce kilomita 25 a awa. Mu kuma mu ɗora masa mutum biyu da buhun shinkafa mu murɗe shi har ƙarshe a rana mai digiri 41.

Na biyu, kuma wannan shi ne abin kunyar, mu 'yan kasuwa mu muke lalata kayan. Masana'anta za ta tambaye ka nawa kake son kashewa. In ka ce a rage, za a rage kaurin waya, a rage tagullar cikin moto, a sa siririn ƙarfe a gangar jiki, a sa batir mai ƙarancin darma, amma robar waje da fitilu iri ɗaya ne da na mai kyau. Sitika kuma duk abin da ka ce shi za a buga. Ka ce a rubuta 2000W a kan moto mai wat 800, a rubuta. Ka ce a rubuta kilomita 120, a rubuta. Shi ya sa Malam Nura ya ga na arahar ya fi ƙyalli.

Maman Walida: Innalillahi. Namu ma kilomita 100 aka rubuta a kwalinsa, ko ranar farko bai yi sittin ba.

Habibu Guangzhou: Hajiya wannan ɗarin, in ma an gwada, da siririn mutum aka gwada, a shimfiɗaɗɗen titi, yana tafiyar hawainiya. Malam Nura ga dabara: ka tafi da sikeli. Batirin darma mai 12V 20Ah na gaske yana kai kilo shida da rabi zuwa bakwai. In ka ɗora ka ga biyar da ɗoriya, an ci darmar. Ka duba ranar da aka buga a jikinsa kuma, don wani ya shekara a kwantena da sito kafin ya zo hannunka, ya fara mutuwa tun ba a hau shi ba. In an ce maka "graphene" ne kada ka ruɗe, shi ma na darma ne aka ɗan inganta.

Ɗan Auta: Malam zai shiga shago da sikelin mai nama, a ɗauka awon kaji ya zo.

Oga Ɗanlami Bakanike: Yaya Habibu ka faɗi na darma, bari in faɗi na litiyam, kada a ɗauka duk mai tsada mai kyau ne. Na buɗe wani batir da aka sayar wa mutum a matsayin sabo, na tarar da ƙwayoyi kala uku a ciki, shuɗi da kore da ruwan hoda, irin waɗanda ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfuta. An ɗaure su da salatif. Ɗan allon da yake tsare batirin kada ya cika ya wuce ƙima, wanda muke ce wa BMS, ko na fitilar caji ya fi shi. Mutumin ya biya kuɗin mai tsada ya tafi da bam gida.

Sadik Jamus: Gaisuwa ga manya. Maganar bam ɗin nan ba wasa ba ce. A birnin New York a 2023 mutum 18 ne suka mutu a gobarar batiran litiyam, akasari na kekuna da 'yan mashinan masu kai abinci, har hukumar birnin ta hana sayar da wanda ba shi da shaidar gwaji. A Nanjing ta Chaina ma a watan Fabrairun 2024 wuta ta tashi daga inda ake ajiye mashinan a ƙasan wani bene, mutum 15 suka rasu. Yaya Habibu zai gaskata ni.

Habibu Guangzhou: Haka ne. Yanzu a gidajen nan in ka shiga lifta da batir sai mai gadi ya biyo ka.

Malama Hadiza: Ku tuna yadda gidajenmu suke. Ƙofa ɗaya ce, ta soro, kuma a soron ake ajiye mashin a jona shi a tafi a kwanta, saboda wutar sai tsakar dare ake kawowa. Tagogi duk da ƙarfe. In ya kama a nan ta ina za a fita? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni na sa an ja wa ƙanina waya zuwa tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, nesa da ɗakuna.

Injiniya Bashir: Kin yi daidai. A ƙara da cewa LiFePO4 ya fi sauran nau'in litiyam wuyar kamawa da wuta, shi ya sa masu sola suka koma kansa. Ya fi nauyi kaɗan, amma ga zafinmu shi zan zaɓa. Malam Nura ka tambayi mai shagon wane iri ne a cikin na miliyan biyun. In ya ce "litiyam ne dai", bai san abin da yake sayarwa ba.

Sadik Jamus: Bari in ba ku labarin nan, ko da yake namu kekuna ne masu feda, ba irin mashinanku ba. Doka a Turai ta ce motonsa wat 250, kuma yana daina taimaka maka in ka kai kilomita 25 a awa. A 2023 waɗanda aka sayar a Jamus sun fi kekunan gargajiya yawa, kuma matsakaicin farashi ya kusa yuro dubu uku. Ni da na fara aikin kai abinci na sayi na araha a babban kanti, moto a cikin tayar baya. Ya yi mini aiki, amma birki da sarƙa da wayoyin taya sun sha kuɗina, ga shi a hawa tudu kamar jaki mai ciwon baya. Daga baya na sayi na hannu mai moton Bosch a tsakiya wajen feda. Bambancin kamar na Jincheng da Honda ne. Amma fa in ya nuna wata lamba a allo, ba mai taɓa shi sai dila mai kwamfutar kamfanin, batirinsa kuma sai nasu.

Akwai wani kamfani a Amsterdam, VanMoof, kekunansa na 'yan gayu ne, masu tsada, komai nasu na daban, har buɗe keken da manhajar waya ake yi. A watan Yulin 2023 kotu ta ayyana ya karye. Mutane suka wayi gari da keken yuro dubu biyu da wani abu, babu kayan gyara, wasu ma nasu yana hannun kamfanin wurin gyara. Daga baya wani kamfani ya saye shi, amma an sha wuya kafin nan. A Holan ke nan fa, inda akwai kotu da takardar garanti. Ina ga Kano?

Alhaji Sabo na Kwari: Yawwa ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Boxer da Jincheng me ya sa suka mamaye Arewa? Don sun fi kowa kyau? A'a, don ko a ƙauyen da babu chemist za ka sami mai gyaransu da kayansu.

Oga Ɗanlami Bakanike: Alhaji a nan ina bayanka. Amma ba duk na araha ne kayansa suke ko'ina ba, kuma ba duk mai tsada ne a kulle ba. Ni in zan raka mutum saye, ba na kallon fenti. Zan leƙa kwantirola in ga ko irin gama-garin nan ce da zan iya cirewa in sa wata. Zan duba taya, in ƙarama ce 'yar inci goma, ramukan unguwa za su lanƙwasa ta, kuma da damina ruwa zai haye moton. Mai inci 17 irin ta babur ko wane mai faci yana da tayarta. Zan duba takalmin birki ko ya yi daidai da na wani babur da muka sani. Zan girgiza shi in ji walda. Sannan in tambayi mai shago: in caja ta ƙone yau, kana da wata a nan, ko sai an yi oda?

Cajar nan kada ku raina ta. Wutarmu tana zuwa ƙasa-ƙasa, can kuma ta yi sama, wasu kuma a ƙaramin janareto suke jonawa. Rabin batiran da suka kumbura caja ce ta ƙi yankewa ta dafa su har safe.

Isuhu Damagaram: Sannunku 'yan'uwa. Mu nan tunaninmu daban ne kaɗan. Muna da matatar mai ta SORAZ kusa da mu, kuma a 2024 gwamnati ta rage litar mai daga sefa 540 zuwa 499. Wuta ce ba mu yarda da ita ba, kun tuna bayan juyin mulkin 2023 Najeriya ta yanke mana layi wata da watanni. Wanda duk na sani da mashin mai caji a nan yana da sola a gida. Malam Nura, unguwarku awa nawa kuke samun wuta? Ban ga wanda ya tambaye ka ba.

Malam Nura: Malam Isuhu ka yi tambaya. Mu ba 'yan Band A ba ne. Wata rana awa shida, wata rana sai dai mu ga hasken maƙwabta masu sola. A makaranta dai akwai sola mai ƙarfi.

Injiniya Bashir: To wannan ya canja zancen. Na darma yana son awa shida zuwa takwas a jone kafin ya cika, kuma in kullum rabin caji yake samu, gishiri yana taruwa a farantansa ya mutu da wuri. Ga nauyi, shida sun kai kilo arba'in, ba za ka ciro su ka kai ofis ba. Litiyam bai damu da rabin caji ba, ya fi ma son haka, kuma ka zare shi ka shiga da shi inda wuta take. Sai dai ka nemi izinin shugaban makaranta, kada a ce kai ka kashe inbata.

Ɗan Auta: Wai ni ba a Nasarawa ake haƙo litiyam ɗin nan ba? Har masana'antar tace shi aka buɗe a 2024. Ya muke sayensa kamar zinare?

Habibu Guangzhou: Ƙanina dutsen muke lodawa, su kuma su mayar da shi batir su dawo mana da shi. Kamar fata ce da takalmi.

Alhaji Sabo na Kwari: Kafin a tafi siyasa. Abu ɗaya da ba a faɗa ba: mataccen batirin darma kuɗi ne, 'yan gwangwan suna saye da kilo. Mataccen litiyam wa zai saya?

Malama Hadiza: Suna saye Alhaji, amma ka ga inda ake fasa su? A bayan gidaje, ruwan batirin a zubar a kwata, yara suna wasa a wurin. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban manta da Zamfara a 2010 ba, yara wajen ɗari huɗu gubar darma ta kashe. Can daga dutsen zinare ta fito, amma darma dai darma ce.

Shugaban Zaure: Jama'a an gode, amma a dawo kan tambayar Malam Nura. Kuma wanda ya turo tallan maganin basir a tsakiyar zancen nan na goge, in ya sake zan fitar da shi.

Oga Ɗanlami Bakanike: Malam ga hanya ta uku in kana so. Ka nemi mai gangar jiki mai ƙwari da babbar taya da kayan gama-gari, ko da da batirin darma ya zo. Ka hau shi shekara guda kana tara abin da da za ka ba gidan mai. Ranar da batirin ya gaji, maimakon ka sake sayen darma, a haɗa maka LiFePO4 wurin mai sola da ka yarda da shi, a gabanka, ka ga ƙwayoyin da idonka. Sharaɗi ɗaya: dole ka canja caja, ta darma ba ta yi wa litiyam.

Injiniya Bashir: Ba laifi, amma garanti ya tafi, kuma ingancin ya koma kan hannun wanda ya haɗa. Ni da zan iya, wanda masana'anta ta haɗa ta rufe zan saya.

Oga Ɗanlami Bakanike: Injiniya wane garanti? Na baki? Ka taɓa ganin wanda ya mayar da batir bayan wata takwas aka ba shi sabo?

Injiniya Bashir: Na gani sau ɗaya.

Oga Ɗanlami Bakanike: Ɗan'uwan mai shagon ne.

Maman Walida: Ni dai abin da zan ce, duk wanda za ka saya ka sa a rubuta maka a rasit wata nawa batirin yake da shi, da sa hannu. Mu da baki aka yi, da muka koma sai yaron shago ya ce ai mu muka cika masa kaya.

Malam Nura: Salam jama'a, na dawo da rahoto. Jiya na koma, kuma na tafi da sikelin, na matata ne na awon fulawa, Ɗan Auta sai ka yi dariyarka. Mai shago ya ƙi a kwance na jikin mashin, amma ya ɗauko irinsa daga cikin kwali, kilo biyar da ɗigo takwas. Na tambayi irin litiyam ɗin da ke cikin mai tsadan, ya kira wani a waya, wancan ma ya ce zai tambaya. Na ce in kwantirolarsa ta lalace fa, ya ce ba ta lalacewa. Daga nan na yi masa sallama.

A wani shagon na ga mai babbar taya, ba kiɗa ba ƙyalli, miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin, batirinsa ya kai kilo shida da ɗigo bakwai, kuma na watan jiya ne. Ya yarda ya rubuta wata shida a rasit. Oga Ɗanlami in kana da sarari ranar Asabar ina so ka raka ni ka leƙa cikinsa kafin in biya, zan ba da kuɗin shayi.

Oga Ɗanlami Bakanike: Allah ya kai mu. Bayan azahar, da safe ina da aiki. Ka taho da wanda ya kai nauyinka a goya shi, mu hau gadar Ƙofar Nasarawa mu biyu mu ga yadda zai yi.

Injiniya Bashir: Ina nan a kan bakana, da kilomita arba'in a yini da wutar unguwarku ba zai kai shekara da ƙarfinsa ba. Ka fara tara kuɗin litiyam daga watan farko.

Alhaji Sabo na Kwari: Zai kai. Mu sa ranar a nan zauren, wanda ya faɗi ya sayi tsire.

Ɗan Auta: Malam to roba-robar fa? Nawa za ka bar mini, in huta da Fonis?

Malam Nura: Ba yanzu ba ƙanina. Tana nan a soro sai na ga yadda sabon zai yi da ruwan Agusta.